Addu'ar Sauka Lafiya

Shafi na 23

Masu turo min saƙo tun safe wai na bar su a tsaye da ƙafa ɗaya, na ji ku. Hannu biyu gare ni kamar kowa. Ke kuma da kika rubuto cewa Earlene muguwa ce, a kawar da ita kowa ya huta, karanta wannan shafin tukuna sannan mu yi magana.

*

Kwanuka uku Nelda ta tarar a kan teburin kicin ɗin yayarta Earlene, kowanne a rufe ruf, an manna sunan mai shi a jikin murfin.

Ta tsaya tana karanta sunayen.

A garin Larkin ba a ɗaukar kwano a kai gidan mutum haka siddan. Ko an mutu, ko an haihu, ko wani ya kwanta. In kika ga taliya da cuku ta shigo gidanki ƙarfe tara na safiyar Alhamis, to labarinki ya riga ki fita gari.

Labarin gidan nan kuwa ba na fita ba ne. Marnie, 'yar Earlene tilo, yau kwananta huɗu a kwance a ɗakin ƙurya, tun da faya ta fashe mata cikin yana sati goma sha bakwai. Likita bai ɓoye mata ba, abin da ke cikin ba zai rayu ba. Amma zuciyarsa tana bugawa, lauyoyin asibiti kuma sun ce kada a taɓa, doka ta hana. Sai aka sallamo ta gida ta jira ɗayan biyu, ko bugun ya tsaya, ko ciwo ya kama ta yadda ba wanda zai ga laifinsu. Mijinta yana can rijiyar mai, sai ƙarshen wata. Shi ya sa Nelda ta cika tanki tun jiya. Tafiyar awa huɗu ce daga wannan gefen Texas zuwa asibitin jihar New Mexico, inda doka ba ta hana cire cikin ba, kuma yau da yamma aka ba su lokaci.

Earlene tana bakin famfo ta ba ta baya, tana ta cuɗar kofin da ya daɗe da fita.

"Yaya, kwanukan su wa ne waɗannan?"

"Na Bobbie ta cocinmu ne, da na matar fasto. Ɗayan ban duba ba."

"Wa ya mutu?"

"Haba Nelda, wane irin baki ne wannan da sassafe?"

"To wa ya haihu?"

Earlene ta ci gaba da cuɗar kofin.

"Yaya Earlene, juyo ki dube ni. Me kika faɗa a coci jiya?"

"Ni ban faɗi komai ba."

"Kin sa ta a sarƙa."

Sarƙar addu'a ke nan, wadda Earlene ke riƙe da bakinta shekara ashirin da biyu. Ita za ta kira mata biyu a waya, biyun su kira huɗu, kafin a sauke tukunya duk matan cocin sun durƙusa. Abu ne mai kyau, ban ce ba. Sai dai duk abin da ya shiga sarƙa da safe, da rana yana shagon gyaran gashi.

Earlene ta juyo, hannunta yana ɗigar kumfa.

"A rufe na bayar! Na ɗaga hannu na ce ina da buƙata a rufe saboda Marnie. Ko kalma ɗaya ban ƙara ba. Tun muna yara haka ake yi, in abu ya fi ƙarfin baki a ce a rufe, Allah ya san sauran."

"Shi ke nan abin da kika ce?"

"Shi ke nan."

"Yaya."

"To, sai taki."

"Tawa?"

"Ta sauka lafiya. Na ce a roƙa wa Nelda sauka lafiya, gobe tana kan hanya."

Nelda ta jawo kujera ta zauna. Shekara ashirin da shida tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, ta ga wauta iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wadda aka yi da tsarkin zuciya irin wannan ba.

"Mace mai ciki, a rufe," ta ce a hankali. "Ƙanwar uwarta, sauka lafiya. A jere, da numfashi ɗaya. Yaya, ai ko yaron goye ya haɗa wannan lissafin."

"Ba wanda zai haɗa."

"Ga su nan sun haɗa har sun zuba cuku a kai!"

"Rage muryarki, yarinyar nan ta samu barci."

"Kin manta dokar hanya? Ko in tuna miki wadda ta bi gida-gida da burodin ayaba tana tara mata sa hannu?"

Earlene ta kawar da kai. Ba ta manta ba. Tun da kotun ƙoli ta janye hannunta daga zancen zubar da ciki, mutanen Larkin ba su tsaya a kan dokar jiha ba, sai da suka ƙara tasu. Duk wanda ya bi titin gundumar da mace zai kai ta wata jiha don a cire mata ciki, kowa na iya maka shi a kotu. Ba ɗan sanda ake jira ba, maƙwabci ma ya isa. Su Nelda kuwa ba su bar aikin kai matan ba, ƙara rufe baki suka yi. Akwai masu ɗaga waya, akwai wata tsohuwa a can ƙetaren iyakar jiha da ke ba da gado da miya, ita kuma Nelda abin da ta iya shi ta bayar, wato sitiyari.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar gaba, sau uku, cikin ladabi.

"Da mutane a gidan?"

Duk Larkin ba wanda bai san muryar nan ba. Dattijo Coy Haskell, mai karanta sanarwa a coci ba tare da lasifika ba. Kafin a ce masa shigo har ya shigo, hularsa a hannu ɗaya, ɗayan riƙe da kwano na huɗu.

"Ina kwana, 'Yar'uwa Earlene. Uwargida ce ta ce in kawo wannan, na gyaɗa ne, yarinyar tana so tun tana ƙarama." Ya juya. "Malama Nelda. Ashe kina nan."

Tun ranar da ta daina zuwa coci ya sauke ta daga 'yar'uwa zuwa malama.

"Motata ka jingina da ita kafin ka shigo, Coy. Ka san ina nan."

"Na ga an wanke ta tas. Tafiya za a yi?"

"Zare zan je saye."

"Zare." Ya yi murmushi. "Kina son zare, Malama. Sai mutum ya ce duk Texas ba mai sayarwa."

Ya ajiye kwanon, ya sa hannu cikin kwat ɗinsa ya zaro wani ƙunshin takardu da aka ɗaure da roba. Takardun Lahadi ne, waɗanda ake miƙa wa kowa a ƙofar coci, gaba waƙoƙi, baya jerin masu neman addu'a. Ya lashi yatsa ya fara kifa su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya.

"Watan Afrilun bara, sauka lafiya ga Nelda Gaskin. Watan Mayu, sau biyu. Yuni, sau uku, a watan ne 'yar gidan mai wankin mota ta yi kwana biyu ba a gan ta a wurin aiki ba. Ba zan gajiyar da ku ba. Talatin da huɗu ne, na jiya bai shiga ba tukuna."

Nelda ba ta dubi takardun ba. Yayarta ta duba.

Earlene ta dafa bakin famfo.

"Ni ba ma'abocin kotu ba ne," in ji Coy. "Allah ya sani. Shekara guda ina ajiye da su ina roƙa miki shiriya. Ki rataye makullinki yau, su koma cikin durowa su ci gaba da barci. Amma motar nan ta ƙetare gadar Larkin, gobe suna hannun lauya. Za a tambaye ki sunayen matan, ɗaya bayan ɗaya. Shaidar farko da za ta ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki kuwa, ga ta nan a tsaye. 'Yar'uwa Earlene ba ta taɓa yin ƙarya ba a rayuwarta."

"Shekara shida ina goge aman ɗanka a bas, Coy."

"Kuma ina godiya har gobe."

Earlene ta sako baki.

"Marnie fa? Ita ma kotun za ku kai min ita?"

"A'a, a'a, haba 'Yar'uwa!" Ya buɗe murya kamar yana gaban jama'a. "Ke kika tara sa hannun, kin san abin da aka rubuta. Doka ba ruwanta da mai cikin. Ko kanta ta tuƙa ta tafi, ba wanda ya isa ya ce mata kanzil. Mai ɗauka muke nema."

"Coy, likita ya ce yarinyar nan tana iya mutuwa."

"Likita ba Allah ba ne. Muna kan gwiwa dare da rana. Allahnmu mai al'ajibi ne."

"In al'ajibin ya makara fa?" Nelda ta ce. "Kai za ka taje wa 'yarta kai ranar makaranta? Ko matarka za ta aiko da kwano na biyar?"

Murmushin ya ɗan dusashe, amma bai faɗi ba. Ya tattara takardunsa, ya mayar da robar, ya ɗora hula.

"A gaishe da mai jiki."

Ta taga suka ga ya shiga akori-kurarsa. Bai tafi ba. Ya ja ta zuwa bakin kwanar da ke fita babban titi, ya kashe, ya sauke gilashi, ya buɗe jarida.

Nelda ta saki labulen. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta ruri a taga kamar tsohuwar tarakta, sai da ta ɗaga murya.

"Talatin da huɗu."

Earlene ta ɗauki tawul tana goge hannu.

"Kin sani ke nan. Tun farko."

"Na sani."

"Wa ya gaya miki?"

"Karenki."

"Me?"

"Duk ranar da za ki tafi sai ki kawo min karenki ki ce zare za ki saya. Ki dawo washegari ba ko ƙulli ɗaya na zare. Rannan na leƙa motarki na ga bargo, da bokiti, da biskit ɗin citta. Nelda, sau uku na yi ciki, na san abin da ake yi da biskit ɗin citta. Kin ɗauka don ina yawan addu'a ba ni da ido?"

"Kuma kika yi shiru."

"Na yi shiru."

"Kina tara sa hannu da rana, kina riƙe min kare da yamma."

"Eh!" Earlene ta buga tafin hannunta a kan tebur har murafen kwanukan suka yi ƙara. "Eh, haka na yi! Na tsani abin da kike yi, har yanzu da nake tsaye a nan na tsane shi. Na yi kuka a kansa fiye da yadda na yi wa Mama. Amma idonki na hagu ba ya gani sosai, ki musa in ji. Titin nan cike yake da tankokin mai, direbobinsu suna gyangyaɗi. Me kike so in yi? In bar ƙanwata ta hau wannan hanya ba addu'a a bayanta?"

"Ai sai ki yi a ɗakinki! Ki rufe ƙofa ki yi!"

"Addu'ar mutum ɗaya?" Earlene ta dube ta da mamaki na gaskiya. "Ina da mata sittin a hannuna, in ba ki ta mutum ɗaya?"

Nelda ta jingina da bango. Ta zo da niyyar faɗa, kuma faɗa da maƙiyi ta iya shi. Wannan ne ba ta iya ba. Da mugunta ce ta tona mata asiri, da ta san inda za ta ajiye ta. Amma ƙauna ce, ƙaunar yayar da ta goye ta, ita ce ta rubuta wa Coy Haskell ranakun tafiyarta sati bayan sati, da kyakkyawan rubutu, aka buga aka raba wa jama'a. Ta ji tana so ta shaƙe Earlene, ta kuma ji tana so ta kifa kai a kafaɗarta ta yi kuka.

"Garin neman gira kin rasa mana ido, Yaya."

"Na sani."

"Ba ni kaɗai ba. Mata talatin da huɗu."

"Na ce miki na sani!"

Earlene ta goge fuska da gefen tawul. Sai ta ƙara da wata ƙaramar murya, wadda Nelda ba ta san ta da ita ba.

"To ko a bari zuwa Litinin? Ya huce, ya gaji da gadi. Tun da zafin jikin ma ya sauka..."

Nelda ta ɗago.

"Wane zafin jiki?"

"Ɗan kaɗan ne, da asuba. Tana rawar sanyi."

"Nawa ma'auni ya nuna?"

"Na ba ta ƙwaya biyu, ya sauka."

"Yaya Earlene, nawa ya nuna?"

"Ɗari da biyu."

Likita ya ce in ya haura ɗari a irin ma'auninsu kada a tsaya ɗaura takalmi, ciwo ne ya shiga mahaifa. Nelda da kanta ta rubuta hakan a takarda ta manna a jikin firij, ga ta can har yanzu a ƙarƙashin hoton jikoki.

"Tun asuba," ta ce. "Yanzu ƙarfe goma saura. Kina nan kina karɓar kwanuka."

"Ban so in ta da hankalinta ba. Mu mayar da ita asibitin nan, yanzu ai dole su duba ta."

"Su duba me? Sau biyu suna sallamo ta. Zazzaɓin suke jira su gani da idonsu, ke kuma kin danne shi da ƙwaya. Za su auna su ce lafiyarta ƙalau, ta koma gida ta sha ruwa. Kafin ya sake tasowa ya shiga jini."

Ta miƙe ta ɗauki jakarta.

"Yanzu za mu tafi. Coy ya kai ni kotun, ya haɗa da karen."

"Sunayen matan fa?"

"Sai ya yanka ni ya ciro."

"Ni fa? Ni zan iya rantsuwa in yi ƙarya?"

"Wannan tsakaninki da Allahnki ne. Ni 'yarki zan kai."

Earlene ta tsaya tana kallon takardar jikin firij. Leɓenta yana motsi, ko addu'a take ko ƙirga, Nelda ba ta sani ba. Can sai ta kai hannu baya ta kwance igiyar rigar girkinta, ta ninke ta, ta ajiye a kan kujera.

"Motarki yake gadi," ta ce. "Tawa tana rumfar baya. In aka bi ta lungu ba ya gani."

"To ba ni makullin."

"A'a. Ni zan tuƙa."

Nelda ta zuba mata ido.

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani. Ke ki fita ta gaba ki zauna a motarki, ki yi ta ɗaga murfin inji, ya yi ta kallonki. In ya so ya rubuta sunana a takardar Lahadi."

"Yaya, matan cocin nan ba za su sake ɗaga wayarki ba."

"Nelda, don girman Allah yi min shiru kafin in sake tunani."

Ta nufi ƙofar baya, wadda ba a gani daga wurin tebur, ta miƙa hannu ga ƙusar da take rataye makulli shekara talatin, ba ta ko duba ba. Hannun ya shafi bango.

Ta duba. Ƙusar ce kawai.

"Kin ɗauki makullina?"

"Me zan yi da makullinki?"

Ƙofar bayan ba a rufe take ba, an dai jawo ta. Suka dubi juna. Nelda ce ta fara gudu, mace mai shekara sittin da ɗaya, ta bangaji kujera ta bi siririn lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin ƙurya. Bangon da ya raba su katako ne, ko tari aka yi a kicin ana ji.

"Marnie!"

Gadon ba kowa. Zanin gadon ya jiƙe sharkaf da gumi, da ta dafa shi da sauran ɗumi. Takalmin ba ya nan, jakar da suka haɗa jiya ba ta nan. A kan matashin kai an bar 'yar takarda, rubutun duk ya karkace.

*Anti Nelda, Mama, na ji komai. Ba wanda za a kai kotu saboda ni. A ɗauko yara ƙarfe uku.*

Earlene ta fita ta baya da gudu. Nelda tana jin ta tana kiran sunan 'yar a lungu, sau ɗaya, sau biyu, na ukun ya karye a tsakiya. Ta dawo tana haki, ta kama ƙofar ɗakin da hannu biyu.

"Babu motar. Kira ta! Kira ta ki ce ta tsaya inda take!"

Nelda ta danna lambar. Ta shiga.

Sai ga ƙarar a cikin ɗakin, a ƙarƙashin matashin kai.

Ita ta koya mata. Jiya a bakin gadon nan ta riƙe hannunta ta ce, ranar tafiya waya a gida take kwana, don ita ke nuna duk inda mutum ya taka. Marnie kuwa tun tana ƙarama yarinya ce mai jin magana.

"Mu bi ta," in ji Earlene. "Ba ta yi nisa ba. Taso, mu bi ta!"

"Hanya biyu ce, Yaya. Ta arewa, ta cikin tankoki. Ko ta yamma, mil casa'in ba gida ba gidan mai."

"To wacce kika ce ta bi?"

Nelda ta tsaya da wayar tana ta ƙara a hannunta.

"Nelda! Wacce kika gaya mata?"

"Ni ce zan tuƙa," ta ce. "Ban gaya mata ko ɗaya ba."